FUSHIN WANDA AKA CUTA: INA ZAI KAI SHI?

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Watannin baya, mun idar da sallar isha'i mutane sun watse, sai na ga wani matashi ya ƙi tashi daga inda yake. Da masallaci ya yi shiru ya matso ya gaishe ni, ya ce: "Allah gafarta Malam, ina da magana. Amma don Allah kada ka ce min in yi haƙuri. Wallahi na gaji da jin wannan kalmar."

Na ce masa, "To ƙanena, ba zan faɗa ba sai ka gama. Ina jin ka."

Na nemi izininsa kafin in rubuta wannan, kuma na sauya wasu abubuwa don kada a gane shi. Mahaifinsu ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ya bar gida da gona da shago a kasuwa. Yayansu, wanda suke uba ɗaya uwa daban, shi ne ya riƙe komai. Duk lokacin da aka tayar da maganar rabon gado sai ya ce a dakata tukuna. Ana nan sai matashin nan ya ji a bakin mutanen gari cewa an sayar da gonar. Shi da mahaifiyarsa da ƙannensa mata biyu babu wanda aka shawarta, babu wanda ya ga ko naira. Ya kai kuka wurin dattawan dangi, kowa ya ce masa, "Yayanka ne, matsayin uba yake, ka yi haƙuri."

Ya ce tun daga ranar barci ya ƙaurace masa. Ya daina salla a masallacin unguwarsu don kada kafaɗarsa ta haɗu da ta yayan a sahu. Matarsa ta ajiye masa abinci sai ya hau ta da faɗa ba ta yi komai ba. Sannan ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ya kawo shi: sau biyu yana tsayawa gaban shagon nan da dare, zuciyarsa tana raya masa ya cinna masa wuta kowa ya rasa. Ya ɗago ya ce, "Malam, shin haƙuri an saukar da shi ne don ƙaramin gida kawai?"

Wannan tambaya ta daɗe tana yi min yawo a rai, domin na san ba shi kaɗai ba ne. Akwai ma'aikacin da aka tsallake shi aka ƙara wa ɗan gidan wani girma, akwai matar da aka saka bayan shekara goma sha biyar ta fita da kayan jikinta, akwai ɗan kasuwar da abokin cinikinsa ya cinye masa jari ya kuma riga shi zuwa sahun farko. Kowannensu yana ɗauke da wuta a ƙirji, kuma abin da muka fi iya gaya musu shi ne kalma biyu: yi haƙuri.

FUSHIN KANSA BA LAIFI BA NE

Abu na farko da na gaya masa shi ne, zafin da yake ji ba alamar raunin imani ba ne. Allah ne Ya halicci ɗan Adam da wannan ɗabi'a don ya kare kansa da iyalinsa da haƙƙinsa. Mutumin da za a cinye gadon ƙannensa marayu ya ji ko a jikinsa, wannan shi ne ya kamata a duba lafiyar zuciyarsa. Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya ware babi guda a Ihya'u Ulumiddin kan fushi da ƙullata da hassada, kuma ya zargi wanda fushinsa ya mutu kamar yadda ya zargi wanda nasa ya yi yawa. Abin nema a wurinsa shi ne tsaka-tsaki, fushin da hankali da shari'a suke riƙe da linzaminsa.

Ku duba ayar da ta yabi masu haɗiye fushi a Suratu Ali Imrana, aya ta 134. Kalmar da aka yi amfani da ita, wato kazmu, Larabawa suna faɗinta ne idan an cika salka da ruwa taf sannan aka ɗaure bakinta. Ka ga ke nan ruwan yana nan a ciki, ba a ce salkar ta bushe ba. Wanda aka yaba shi ne wanda ya cika fal amma ya riƙe bakin salkar, bai bari ta kwarara ta jiƙa wanda bai ji ba bai gani ba.

Haka kuma a Suratus Shura, daga aya ta 39 zuwa ta 43, Allah Ya lissafa cikin siffofin muminai cewa suna tsayawa su kare kansu idan an yi musu zalunci, Ya ɗauke zargi daga wanda ya nemi haƙƙinsa bayan an cuce shi, Ya iyakance ramuwa da daidai abin da aka yi, sannan Ya kwaɗaitar da yafiya Ya ɗora ladanta a kansa. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ma ta buɗe wa wanda aka zalunta ƙofar bayyana abin da aka yi masa. Har Annabi (S.A.W) da kansa, wani mutum da yake bin sa bashin raƙumi ya zo ya yi masa magana mai kaushi, Sahabbai suka yunƙura, ya hana su, ya nuna musu cewa mai haƙƙi yana da damar magana, ya kuma sa aka biya shi da raƙumin da ya fi nasa.

Saboda haka wanda ya ce maka neman haƙƙinka rashin haƙuri ne, bai faɗa maka addini daidai ba.

TO INA MATSALAR TAKE?

Matsalar ita ce, fushin wanda aka cuta yana da gaskiya a tushensa, amma bai iya awo ba. Zai gaya maka cewa an yi maka ba daidai ba, kuma sau da yawa ya yi gaskiya. Idan ka tambaye shi nawa ne abin da aka ci maka, ko me ya kamata a yi wa wanda ya ci, nan ne yake fara yi maka ƙarya. Shi ya sa Annabi (S.A.W) ya hana alƙali yanke hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Alƙali ke nan, wanda ba gonarsa aka sayar ba. To ina ga kai da kake mai ƙara, kuma a cikin kanka ka naɗa kanka shaida, ka naɗa kanka alƙali?

Na ce wa matashin nan, "Shagon da kake son ƙonawa na waye?" Ya yi shiru. Na ce, "Akwai tumunin iyayenku mata a ciki. Akwai rabon ƙannenka. Akwai shagunan maƙwabta da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Da ka yi, da safe wa za a kira azzalumi?" Wannan shi ne babban abin da nake jin tsoro ga duk wanda aka cuta: ya kwanta yana bin bashi, ya wayi gari shi ake bi. An ci maka gona, kai kuma ka ci naman mutum a majalisa goma, ka ƙara gishiri a labarin, ka zagi uwarsa, ka ɗora hotonsa a Facebook da WhatsApp mutum dubu suka tsine masa kan abin da ya yi da wanda bai yi ba. Ranar hisabi za a ɗora duka biyun a ma'auni, kuma babu tabbas wa zai fita da ragowa. Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta yi gargaɗi kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu bar adalci, kuma wanda ya fi buƙatar wannan gargaɗi shi ne wanda yake da dalilin ƙiyayyar.

Sannan akwai waɗanda wutar take ci a ɓoye. Hausawa suna cewa a bar jaki a doki taiki. Wanda ya cuce ka ya fi ƙarfinka, sai ka dawo gida ka huce a kan matarka da 'ya'yanka da yaron shagonka. Gazali ya yi bayanin cewa fushin da mutum ya haɗiye don kawai ba shi da ikon hucewa, yakan koma ciki ya daskare ya zama ƙullata. Wannan daban yake da wanda aka haɗiye don Allah. Na farkon yana nan yana jiran rana, kuma kafin ranar ta zo yana cin barcinka da lafiyarka da sallarka.

Ni kaina na ɗanɗana. Shekarun farko bayan na dawo daga karatu, an taɓa jingina min wata magana da ban faɗa ba, aka yanke hukunci a kaina ba tare da an kira ni an ji ta bakina ba. Abin da ya tsorata ni shi ne, wata rana ina limancin magariba, na kai raka'a ta biyu sai na farga bakina yana karatu amma zuciyata tana tsara amsar da zan ba mutumin. Ya ɓata min suna sau ɗaya, ni kuma ina miƙa masa sallata sau biyar a yini. Daga ranar na gane cewa abin ya wuce batun wa ke da gaskiya.

DARASIN JI'IRANA

A shekara ta 8 bayan Hijira, bayan yaƙin Hunaini, Annabi (S.A.W) ya raba ganima a Ji'irana. Ya ba wasu manyan Ƙuraishawa da shugabannin ƙabilu da ba su daɗe da shiga Musulunci ba kyauta mai yawa, irin su Abu Sufyan da Aƙra'u ɗan Habis da Uyaina ɗan Hisnu, kowannensu raƙuma 100. Ansar, mutanen Madina da suka ba da gidajensu da jininsu shekara takwas, ba su samu daga wannan kyauta ba. Abin ya sosa musu rai, maganganu suka fara yawo.

Ku lura da abin da ya biyo baya. Shugabansu Sa'adu ɗan Ubada (R.A) bai bar maganar tana ruɓewa a ɓoye ba, ya je kai tsaye ya gaya wa Annabi (S.A.W). Da aka tambaye shi shi ina ya tsaya, bai yi munafunci ba, ya nuna cewa shi ma ɗaya ne daga mutanensa. Annabi (S.A.W) kuma bai kore shi ba, bai ce su je su yi haƙuri kawai ba. Ya sa aka tara su su kaɗai, ya tuna musu ni'imar Allah a kansu, sannan da bakinsa ya lissafa alherin da suka yi masa, ya bayyana musu dalilin rabon: waɗancan ana lallashin zukatansu ne, su kuwa an dogara da imaninsu. Ya nuna musu cewa mutane za su koma da tumaki da raƙuma, su kuma za su koma gida da Manzon Allah. Suka yi kuka har gemunsu ya jiƙe.

Abu biyu nake ɗauka daga nan. Na ɗaya, ba duk abin da zuciya ta kira rashin adalci ne yake zama haka ba. Mutane ne mafi tsarkin zuciya, kuma rabon da suka ji zafinsa rabo ne na mafi adalcin halitta. Wani lokaci rabin labarin kawai muka sani. Na biyu, maganin ya zo ne ta hanyar kai magana inda ya dace da kuma sauraro. Wanda aka ɓata wa rai yana buƙatar a ji shi, a amsa cewa ya yi ƙoƙari, a yi masa bayani.

ABIN DA NA BA SHI SHAWARA

Na farko, lokacin da abin ya taso, kada ka yanke komai. Ka nemi tsarin Allah daga Shaiɗan, ka yi shiru, in kana tsaye ka zauna, in bai tafi ba ka kishingiɗa. Duk wannan ya zo a Sunna. A zamaninmu zan ƙara da cewa ka ajiye waya. Saƙon murya na minti uku da aka tura cikin fushi ya raba zumuncin da ya shekara talatin. Na kuma ce masa ya sauya hanya, kada ya ƙara bi ta gaban shagon nan da dare.

Na biyu, ka ɗauki takarda ka rubuta abin da aka ci maka, da adadi. Ban da "ya raina mu", ban da "tun muna yara haka yake". Gona ce, an sayar nawa, rabon kowa nawa. Zalunci idan yana cikin ƙirji ba shi da iyaka, idan aka rubuta shi sai ka ga yana da farko yana da ƙarshe.

Na uku, ka binciki abin da ba ka sani ba. Da matashin nan ya bincika, sai ya gano cewa mahaifinsu ya bar bashin jinya mai nauyi, kuma wani kaso na kuɗin gonar can ya tafi. A shari'a biyan bashin mamaci yana gaba da rabon gado. Wannan bai wanke yayan ba, domin ba shi da ikon sayar da dukiyar magada ba da saninsu ba, kuma ragowar kuɗin tana hannunsa ya yi shiru. Amma abin da matashin yake ɗauka an ci musu ya ragu sosai, fushinsa ma ya ragu da shi.

Na huɗu, ka bi ƙofa. Ka fara da shi mutumin, ka je da wanda yake jin nauyinsa. In bai yiwu ba, malami masanin gado ko mai unguwa. In bai yiwu ba, kotu. Zuwa gaban alƙali neman haƙƙi ba yanke zumunci ba ne. Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan gaban Annabi (S.A.W) kan ƙarancin ciyarwa, ya saurare ta ya ba ta fatawa. Kai ƙara wurin mai iya warwarewa halal ne. Yawo da labarin wurin waɗanda ba abin da za su iya sai ƙara maka wuta, shi ne yake cinye lada. Na kuma tuna masa cewa ko da ya ga dama ya yafe nasa kason, ba shi da ikon yafe na mahaifiyarsa da ƙannensa. Nan shiru ba falala ba ce.

Na biyar, ka raba haƙƙinka da ƙullatarka. Ka bi haƙƙin har inda shari'a ta ba ka, ita kuwa ƙullatar ka yi ƙoƙarin sauke ta tun yau, kada ka ce sai an biya ka. Ka koma masallacinku. Ka yi masa sallama ko da muryarka tana rawa, domin an hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa sama da kwana uku, kuma Muslim ya ruwaito cewa ana jinkirta gafara ga mutum biyu masu gaba a ranakun Litinin da Alhamis har sai sun shirya. Kana iya yi wa mutum sallama da asuba ku haɗu gaban alƙali da hantsi, babu karo tsakanin biyun.

Misalin wannan yana gidan Abubakar (R.A). Misɗahu ɗan'uwansa ne, talaka, shi yake ciyar da shi, amma ya shiga cikin masu yaɗa ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha (R.A). Abubakar ya rantse ba zai ƙara ba shi komai ba, kuma wane uba ne zai zarge shi? Sai aya ta 22 ta Suratun Nur ta sauka tana kiran masu falala su yi afuwa, tana tuna musu cewa su ma suna son gafarar Allah. Ya mayar masa da ciyarwar. Duk da haka an tsayar wa Misɗahu haddin ƙazafi. Hukunci ya tafi a hanyarsa, zuciyar Abubakar ta huta a tata hanyar.

GARE MU MASU CEWA "YI HAƘURI"

Dattawa, malamai, iyayen gida, mu ji tsoron Allah. Haƙuri maganin zaman duniya ne, babu shakka, amma mun mayar da shi murfin da muke rufe bakin mai rauni don kada mu fuskanci mai ƙarfi. Idan ka ce wa ƙarami ya yi haƙuri, to ka taka ka je wurin babban ka ce ya ji tsoron Allah ya mayar da haƙƙi. Annabi (S.A.W) ya umarce mu da taimakon ɗan'uwa ko shi ne azzalumi, ya kuma fassara taimakon da cewa a riƙe hannunsa daga zaluncin. Yawancin matasan da fushi ya kai su ga ɓarna sun fara ƙwanƙwasa ƙofofinmu ne, muka sallame su da kalma biyu.

Kai kuma da haƙƙin wani yake hannunka, kada shirunsa ya ruɗe ka. Lokacin da aka aika Mu'azu (R.A) Yaman, cikin abin da aka gargaɗe shi akwai addu'ar wanda aka zalunta, domin babu shamaki tsakaninta da Allah. Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya ci ko taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi a wuya daga ƙassai bakwai. Ka mayar tun kana iya mayarwa da naira.

Matashin nan ya dawo wurina bayan kusan wata uku. An zauna gaban wani malami masanin gado da dattawa biyu, an ƙiyasta gida da shago, an fitar wa iyaye mata da 'yan matan nasu. Ragowar kuɗin gonar har yanzu yayan yana biya kaɗan-kaɗan, wani watan ya kawo wani watan ya kawo uzuri. Tsakaninsu gaisuwa ce kawai, ba su koma kamar da ba, kuma ban matsa masa sai sun koma ba. Na tambaye shi barci fa? Ya yi murmushi ya ce, "Malam, jiya sai da aka tashe ni sallar asuba."

Allah Ya isar wa duk wanda aka zalunta, Ya sanyaya zuciyarsa, Ya kare shi daga zama azzalumi. Wanda kuma haƙƙin wani yake wuyansa, Allah Ya ba shi ikon saukewa kafin ranar da babu dinari babu dirhami. Wallahu a'alam.